Wane mahaɗi ya dace da ƙaramar tirelar kwana a hanyoyin Gombe da Bauchi?

Shekara uku ke nan ina jan ƙaramar tirela mai ɗaki daga Gombe zuwa gonata ta wajen Dadin Kowa. Ba irin tirelar da kunne ya saba ji ba ce, mai ɗaukar siminti daga Ashaka. Ɗaki ne guda a kan tayoyi biyu, da gado da 'yar madafa da tankin ruwa, irin wanda mutanen Amurka ke ja a bayan mota in za su yawon buɗe ido. 'Yar Kwatano ce na saya don in riƙa kwana a gona lokacin yankan shinkafa, in hutun yara ya zo kuma mu nufi Yankari da ita. Kwanan nan abokaina biyu suka sayi irinta, kuma tambayarsu ɗaya ce: da wane ƙarfe za su haɗa ta da mota?

A shekarar farko da ƙwallon ƙarfe kaɗai nake ja, wato dunƙulen da ake kifa bakin tirela a kansa a kulle. Wata rana muna hanyar Bauchi, mun wuce Alkaleri kaɗan, sai tankar mai ta taho ta wuce mu a guje. Iskarta ta bugi gefen ɗakin, tirelar ta fara kaɗa wutsiya, dama, hagu, dama. Abin da ya fi tsorata ni shi ne sitiyarin, domin ya yi sakayau a hannuna kamar tayoyin gaba ba sa taɓa kwalta. Uwargida tana ta salati, yara sun yi tsit. Na ɗage ƙafa daga totur, ban taka birki ba, Allah Ya sa abin ya lafa.

Da muka dawo na kai motar wurin tsohon bakanikena. Ya zagaya ta, ya dafa bayan.

"Alhaji, ai gindinta ne ya zauna. Bari in ƙara maka sifirin bibbiyu, za ta miƙe tsaf."

"Baba, in ta miƙe, sitiyarin zai daina wannan rashin nauyin?"

Ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya wannan bai sani ba. Na ji daɗin amsarsa, domin a nan ne yawancinmu muke kuskure. Duk wanda ya taɓa loda amalanken shanu ya san in kaya ya yi yawa a baya, karkiya takan ɗaga sama. Mota ma haka take. Ƙwallon yana can bayan tayoyin baya, saboda haka duk nauyin da aka ɗora masa sai ya danne baya ya ɗage gaba. A ce tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 2.8 ne, daga tayoyin baya zuwa ƙwallon kuma mita 1.2. In ka ɗora kilo 200 a kan ƙwallon, tayoyin gaba za su rasa kusan kilo 86, na baya kuma su ɗauki kusan 286. Ƙarin sifirin zai ɗaga bayan motar ta yi kyan gani, amma kilo 86 ɗin nan ba zai koma gaba ba. Tayoyin gaban kuwa su ne masu juya mota, su ne kuma masu yawancin aikin birki.

Mayar da wannan nauyin gaba shi ne aikin mahaɗi mai raba nauyi. Sanduna biyu ne na ƙarfen sifirin da suke fitowa daga kan mahaɗin su miƙe baya, a ɗaure ƙarshensu a jikin wuyan tirela, wato ƙarafan nan biyu da suka haɗe kamar gwafa. In aka ɗame su, sai su zama kamar hannuwan baro: an ɗaga bayan mota, wani nauyin ya koma tayoyin gaba, wani kuma ya koma tayoyin tirelar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai a sani, ba ya ƙara wa mota ƙarfin ja ko da kilo ɗaya. Motar da kamfaninta ya ce iyakarta laba 3,500, kamar Toyota Sienna, wato kusan kilo 1,590, iyakarta ke nan ko da wane mahaɗi aka sa mata.

Kafin a yi maganar wanne ya fi, sai an auna. Ni wurin wani mai sayar da hatsi na je, mai babban sikelin ƙasa. Na loda tirelar yadda nake tafiya da ita, tanki cike da ruwa, tukunyar gas, batir, janareta, buhun abinci. Muka sa guntun katako a kan sikelin, muka sauke bakin tirelar a kai daidai tsayin da take zama a mota. Sikeli ya nuna kilo 205. Tirelar gaba ɗaya da kayanta wajen kilo 1,700 ce, ka ga nauyin wuya ya kama kashi 12 cikin 100. Ƙa'idar da ake bi ga tirelolin Amurka ita ce kashi 10 zuwa 15. In ya gaza haka, tirela za ta riƙa tangaɗi ko da wane ƙarfe ka saya, kuma maganinsa kyauta ne: a matso da kaya masu nauyi gaban tayoyi, a ajiye su ƙasa-ƙasa. Na sha ganin an ɗaure janareta da jarkokin fetur a can ƙarshen baya saboda wari. Wannan shi ne kiran tangaɗi da hannu biyu.

Sannan a duba asalin tirelar, domin abin da ke shigo mana gida biyu ne. Ta Turai, irin ta Ingila ko Jamus ko Holan, an ƙera ta da wuya mara nauyi, kashi 5 zuwa 7 cikin 100, ƙwallonta milimita 50, birkinta kuma na turi ne: in mota ta rage gudu, bakin tirelar ya turo gaba, shi ke kama birkin. Irin wannan ba a yi ta don sandunan raba nauyi ba. Wuyanta siriri ne, kuma sandunan na iya hana bakin nan motsin da birki yake bukata. Abin da ya dace da ita shi ne baki mai matse ƙwallo irin AL-KO AKS, wanda ke da 'yan faifan gogayya a ciki, kuma sharaɗinsa ƙwallon ya zama busasshe, ba giris ba fenti. Ta Amurka kuwa wuyanta da nauyi, birkinta yawanci na lantarki ne, ƙwallonta inci 2 ko inci 2 da 5/16. A yi hattara a nan. Inci 2 milimita 50.8 ne, bambancinsa da na Turai bai kai milimita ɗaya ba, ido ba zai gane ba. Bakin inci 2 a kan ƙwallon milimita 50 zai zauna da sako-sako, rami ɗaya mai kyau ya ishe shi. Ana buga girman a jikin ƙwallon da jikin bakin, a goge tsatsa a karanta.

Motar ma sai ta yarda. Mahaɗi mai raba nauyi yana murɗa bayan mota da ƙarfi, saboda haka yana bukatar bututun nan mai kusurwa huɗu, mai faɗin inci 2, wanda aka ɗaure da notuna a jikin shasi, kuma takardar da ke manne jikinsa ta nuna an yarda a yi wannan aikin da shi. Ƙarfen da mai walda ya liƙa a bamba ba ya cikin lissafi, duk kyan hannunsa. Ina girmama masu waldarmu, sun sha fitar da ni kunya a gona, amma wannan wurin rai ne. Akwai kamfanonin da suka hana ma gaba ɗaya. Land Rover ta rubuta a littattafan motocinta kada a yi amfani da shi, Honda ma ba ta ba da shawarar sa shi a tsofaffin Pilot ba. Littafin motarka, ko kwafinsa na intanet, shi ne alƙali. Mai Hilux da ke jan tirela mai nauyin wuya kilo 100 ko 120, wanda gabansa bai ɗaga ya kai yatsa ɗaya ba, ni dai ban ga dalilin da zai sa ya kashe kuɗinsa ba. Abin da aka saba faɗa shi ne a fara tunanin raba nauyi in tirela ta wuce rabin nauyin motar da ke jan ta.

To, ga wanda ya tsallake waɗannan, sai zaɓi.

Mafi tsufa kuma mafi araha shi ne mai sarƙa, irin wanda Reese da Curt da Husky suke yi. Ƙarshen kowace sanda yana rataye da sarƙa a jikin wata maƙala da ake ɗagawa da guntun bututu. In kana son ƙarin ɗauri, sai ka rage zoben sarƙa ɗaya. Abin da nake so da shi shi ne babu wani sirri a jikinsa, duk bakaniken da ya kalle shi minti biyar ya gane shi. Amma sarƙa tana lilo, saboda haka raba nauyi kawai yake yi, ba ya hana tangaɗi. Dole ka ƙara wata sandar gogayya a gefe, mai maƙalewa a kan 'yan ƙananan ƙwallaye biyu. Ita kuma wannan sandar sai an cire ta kafin a yi ribas mai lanƙwasa, in ba haka ba ta tanƙware, kuma ana so a sassauta ta in hanya ta yi santsi da ruwan sama. Ka tuna sau nawa kake yin ribas a gidan mai ko a lungun unguwa, ka ga ko za ka jure sauka kowane lokaci. Shi ma mai sarƙar kashi biyu ne. Akwai mai zagayayyar sanda da ke shiga ta ƙarƙashin kan mahaɗin, akwai mai sanda mai kusurwa da ke shiga ta tsakiyarsa. Na farkon ya fi sauka ƙasa. Da yawan tudun rage gudu da ke cikin garuruwan hanyar Kumo da Billiri da Kaltungo, da bakin kwalbati in za ka sauka daga kwalta, kowane yatsa na tazara daga ƙasa yana da daraja. In mai sarƙa za ka saya, ɗauki na biyun.

Sai wanda ba shi da sarƙa, wanda sandunansa ke kwanciya kai tsaye a kan wasu ƙarafa masu lanƙwasa da aka ɗaure a wuyan tirela. Sanannensu shi ne Equal-i-zer, na kamfanin Progress da ke jihar Utah ta Amurka, da ƙaninsa Fastway e2 na kamfani ɗaya. A nan ƙarfe ne ke gugar ƙarfe da nauyin da sandar ta ɗauka, saboda haka duk lokacin da tirela ta so kaucewa gefe sai ta tarar da turjiya. Equal-i-zer yana da wuraren gogayya huɗu, biyu a kan mahaɗin biyu a wuyan tirela, e2 kuma biyu ne kawai, shi ya sa ya fi sauƙin kuɗi. Ba a cire komai in za a yi ribas. Irinsa nake amfani da shi yanzu, kuma ranar da na fara bin hanyar Bauchi da shi, tirelar siminti ta wuce ni, na ji mota da ɗaki sun ɗan matsa tare kamar abu guda, suka dawo. Aibinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Yana da nauyi, matsakaicinsa da sandunansa ya tasam ma kilo 40 ko fiye, kuma nauyin nan a bayan motarka yake zama, a kuɗin jigila ma sai ka biya shi. Yana da ƙara. In ina shan kwana a hankali a unguwa, yana wani gurnani da ƙaƙas-ƙaƙas har maƙwabcina ya taɓa fitowa yana cewa, "Alhaji, tsaya, wani abu ya karye!" Sannan kan mahaɗin yana son giris, giris kuma da ƙurar hunturu in sun haɗu sai su zama kamar yashin goge tukunya. Ni duk dawowa daga gona sai na share tsohon na shafa sabo.

Andersen, na jihar Idaho, wata dabara ce daban. Babu sanduna sam. Sarƙoƙi biyu ne suke miƙe a kwance daga wani faranti mai kusurwa uku a ƙarƙashin ƙwallon zuwa wuyan tirela, ƙarshen kowace yana da jar roba mai tauri da noti. Da sufana ake ɗaurewa, ana ƙirga zaren da ya fito. Ƙwallon kansa yana zaune cikin wani mazurari mai shafin gogayya, yana juyawa tare da tirela, nauyin wuyan ne ke danna shi ya hana tangaɗi. Bai kai kilo 30 ba, ba ya son giris, ba ya ɓata riga, ba ya ƙara sosai, kuma robar tana shanye girgiza. Ga ƙaramar tirela da mota mara ƙarfin ɗaukar kaya, wannan babban abu ne, kuma dattijo ko mace za su iya haɗa shi ba tare da neman taimako ba. Inda ya gaza shi ne in wuya ya yi nauyi sosai, ba ya mayar da nauyi gaba kamar yadda sandar ƙarfe take yi. Abin da ya hana ni saye kuwa shi ne mazurarin da robobin kayan cinyewa ne. Ranar da suka gaji, ba abin da za ka aika yaro kasuwa ya sayo ba ne, sai an yi oda an jira. Wanda ya zaɓe shi ya sayi na ajiya tun a odar farko.

Akwai Blue Ox SwayPro daga Nebraska, wanda ya tsaya tsakani: sanduna da gajeriyar sarƙa da ake naɗewa cikin maƙala mai juyawa, ba ƙara, ana ribas da shi, kuma in ka canza tirela sandunan kawai za ka canza, tun daga masu laba 350 da 550 zuwa sama. Su Hensley da ProPride kuwa, masu hana tangaɗi ta hanyar wasu gaɓoɓi na musamman, nauyinsu ya ninka na sauran, kuɗinsu ya ninka sau da yawa. An yi su ne don dogayen tireloli, ba su shafi mai ɗaki guda ba.

Wurin girman sanda ne nake so a saurare ni da kyau, domin halinmu ne mu ce a ba mu mafi ƙarfi. Ana rubuta lambobi biyu a jikin mahaɗi, misali 600 da 6,000. Ta farko nauyin wuya ce da laba, wato kilo 272, ta biyu nauyin tirela duka. Lissafin shi ne nauyin wuya, a haɗa da duk kayan da ke cikin but bayan tayoyin baya. Nawa 205 ne da kamar kilo 50 na kaya, 255 ke nan, mai 600 ya yi mini daidai. Da na ɗauki mai 1,000 ko 1,200, sandar ba za ta lanƙwasa ba in mun faɗa rami, kuma abin da bai lanƙwasa ba sai ya miƙa bugun ga na kusa da shi, wato siririn wuyan tirela. Ƙananan tireloli da dama, musamman masu firam ɗin alminiyam, kamfanoninsu sun sa iyakar sandar da za a ɗaura musu, wasu sun hana baki ɗaya. A kuma duba ko akwai fili a wuyan, wajen santimita 70 zuwa 80 daga ƙwallon, domin a nan maƙalan suke zama, kuma sau da yawa a nan tukunyar gas da batir suke.

Duk waɗannan ƙarafan an yi su ne don kwalta. Wannan ya shafe mu fiye da mutanen da suka ƙera su. Ƙasar Gombe ƙasar kwari ce da zaizaya, hanyar gona kuma sai ka gangara rafi ka haura. Lokacin da mota ta fara haurawa tirela tana gangarowa, tsakiyarsu yana nutsewa, sandunan suna ɗamewa fiye da kima. A nan wuya ke tanƙwarewa ko maƙala ta zame. Ni da zarar na sauka daga kwalta, sai in tsaya in sauke sandunan in jefa su a but, in ƙarasa a hankali da giya ɗaya ko biyu. A wannan gudun babu tangaɗin da za a ji tsoro. Wajen sauƙin wannan sauke-ɗorar, Andersen ya fi, mai sarƙa na biye da shi. Kowanne ne dai, a fara ɗaga bakin tirela da bayan mota tare da jak ɗin wuyan kafin a saki ko a ɗaure, domin bututun ɗaga sarƙa in ya kuɓuce da nauyi a kansa yana iya fasa ƙafa ko haƙori.

Saitin kansa da tef ɗin tela ake yi, a fili mai daidai. Ka auna daga ƙasa zuwa bakin madigadin gaba mota ba komai. Ka ɗora tirela ba sanduna ka sake aunawa. Nawa ya tashi daga santimita 89 zuwa 92. Sai ka ɗaure sandunan har gaban ya dawo aƙalla rabin abin da ya ɗaga, ko ya kusa komawa inda yake, gwargwadon abin da littafin motar ya ce, amma kada ya sauka ƙasa da asalinsa. In ya sauka, ka sauke wa tayoyin baya nauyi fiye da kima, su kuma za su iya zamewa a kwana in an yi ruwa. Tirelar ta tsaya a miƙe ko hancinta ya ɗan sunkuya kaɗan. Notin ƙwallon yana son ɗauri mai tsanani, wurin masu gyaran manyan motoci na kai aka ɗaure mini. Mai tirelar Amurka kuma ya sa na'urar birkin lantarki a gaban mota. Tana da ɗan maɓalli da ake ja da hannu ya kama birkin tirela kaɗai, kuma shi ne abin da ya fi saurin miƙar da ita in ta fara kaɗawa. Ranar Alkaleri ba ni da shi.

Abokina na farko tirelarsa ta Holan ce, a bayan Hilux. Na ce masa ya manta da sanduna, ya nemi ƙwallon milimita 50 na gaske, ya canza faifan bakin, ya gyara birkin turin da ya daskare. Na biyun tasa ta Amurka ce, wuyanta ya auna kilo 170, kuma tafiyarsa kusan duk kwalta ce tsakanin Bauchi da Jos, ga hawa da gangara ta wajen Toro da Tilden Fulani. Shi na ce ya ɗauki e2 mai laba 600, ko Andersen in bayansa ba ya son ɗaga ƙarfe, muddin littafin motarsa ya yarda. Ya ce zai duba littafin daren nan, ni kuma ranar Asabar zan kai masa tef ɗin mu auna madigadin.